Hoton Jinjirin Wata Ba Shaida Ba Ne



Ya 'yan'uwana matasa, duk yammacin 29 ga Sha'aban sai mun sha wannan fitina. Kafin a sallame Magariba hotuna sun cika WhatsApp: "An ga wata a gari kaza!" Wa ya ɗauka? A ina? Yaushe? Babu mai tambaya, kowa turawa yake yi, wai neman lada.

Don Allah ku dubi hoton da idon basira. Jinjirin daren farko siriri ne kamar zare, yana can ƙasa-ƙasa a yamma cikin jan shafaƙi, kuma ba ya jimawa yake bin rana ya faɗi. Amma abin da ake turo mana wata ne mai kauri, can sama, cikin baƙin duhu, taurari kewaye da shi. Wannan ai ya kwana uku, in ma ba na bara ba ne!

Ita kanta wayar ba adila ba ce. A 2023 wani ya dusashe hoton wata a allon kwamfuta, ya ɗauke shi daga nesa da wayar Samsung, sai ga ramukan da babu su a allon sun fito tangaran. Na'urar da ke ƙara abin da ba ta gani ba, a kanta za a ɗora azumin al'umma?

Ban ce ɗaukar hoton sama laifi ne ba. Ni ma nakan ɗauki Zara idan ta haska. Amma wanda ya ga wata da idonsa, ya kai shaidarsa wurin hakimi ko sarkin garinsu, a tantance, a isar wa Sarkin Musulmi.