Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Jama'a, ku dubi 'yan'uwanmu na Kasuwar Artisan a Inugu. Mutum ya tsufa yana sayar da awaki, amma a ɗakin haya yake kwana, kuɗin hayar kuwa kullum hawa suke yi. Tun Dokar Filaye ta 1978 filayen birni suna hannun Gwamna, samun takarda sai mai haƙuri. Rancen banki kuma ba ya ɗaukuwa, don a 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari.

A ganina kada su zauna jiran sauƙin banki. Su yi adashi, su sayi fili mai takarda tun bai ƙara tsada ba. Mu kuwa malaman gobe, mu koya wa 'ya'yansu karanta takarda kafin sa hannu.