SHARHI: Singafo na neman fili, manoman Dandamisa na neman jari

Singafo tsibiri ne da faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 750 ba. Ƙarancin fili ya sa a 2021 ta shimfiɗa farantan sola masu ƙarfin megawat 60 a kan ruwan madatsar Tengeh, kuma ta ɗora wa kanta burin kaiwa megawat 2,000 nan da 2030. Gwamnati ce ta tsara, ita ke ƙirgawa.

A Dandamisa ta Ƙaramar Hukumar Makarfi, da ƙauyukan Ikara da Kudan, fili da rana ba su taɓa zama matsala ba. Sola na yaɗuwa a nan ma, sai dai ba wani tsari ya kawo ta ba, tilas ce. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Manomin rake ko tumatir da ke tada injin ban ruwa kullum a lokacin rani shi ya fara jin jiki. Sannan ga duhun Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe sama da mako guda ba wuta.

Lissafin famfon sola a bayyane yake: a biya sau ɗaya, a huta da sayen mai. Amma wannan biyan na farko shi ne katangar. Manomi na iya sayen fetur lita-lita, ko ya ci bashinsa har ya sayar da amfani. Farantai da famfo kuwa kuɗinsu dunƙule ake nema. Mai hali ya sa sola, kuɗin nomansa ya ragu, mai ƙaramar gona ya ci gaba da ƙona ribarsa a tanki, alhali kasuwa ɗaya za su kai kwandunansu.

Manyan ayyukan gwamnati sun fi sauka a birni: megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, megawat 10 a Kumbotso ta Kano a 2023. Shirin DARES na dala miliyan 750, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023, shi ne aka ɗora wa alhakin karkara ta hannun hukumar REA. Ma'aunin da ya dace a auna shi da shi ba yawan megawat ba ne, a'a, manoma nawa suka samu famfo bisa biya kaɗan-kaɗan bayan girbi.

Abin mamaki, a Maris 2025 ministan kimiyya na lokacin, Uche Nnaji, ya yi maganar hana shigo da farantan sola, tun masana'antun gida ba su kai ga cike giɓin ba. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka Kaduna ba ta da hujjar jiran Abuja.