Zuwa ga Fitocin Maamobi: Ku San Ciwo Kafin Ku Ɗauki Sifana



Wannan takarda taku ce, ƙannena da 'ya'yana masu gyaran mota a ƙofar gida, daga Maamobi zuwa Nima har Kawukudi. Na fi nufin waɗanda ake kawo wa tsofaffin motocin shiga daji: Land Cruiser, Hilux, Patrol, Pajero, da 'yan Land Rover ɗin da suka rage. A Kano makanikai ake ce muku, mu nan fita muka sani. Na daɗe a ƙarƙashin bonet kafin gwiwa ta zaunar da ni, yanzu daga benci nake kallon aikinku. Akwai halin da nake gani yana yaɗuwa, ya kuwa dame ni ƙwarai, wato saurin kwance inji tun ba a san abin da ke damunsa ba.

Kwanakin baya an kawo wata Pajero mai injin 4D56 lungunmu. Kukan mai ita shi ne da safe sai an yi ta kik har batir ya kusa mutuwa, amma in ta tashi sai ta wuni lafiya. Kafin ya rufe baki wani yaro ya ɗauko sifana zai cire famfon mai, wai a kai wa masu famfo. Na ce ya dakata. Na sa ya danna ɗan famfon hannu da ke saman filtar mai, ya ji shi lagwab, ba nauyi. Muka samo tiyo mai haske, irin wanda ake ganin cikinsa, muka haɗa tsakanin filta da famfo, aka tayar. Sai ga kumfa tana bin mai ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Iska ce ke shiga ta wani tiyo da ya tsage a bakin kilif, cikin dare man ya koma tanki. Muka yanke ɗan wurin da ya tsage, muka ɗaure. Da an cire famfon nan, da mai motar ya kashe kuɗi masu yawa, ya yi mako ba mota, ta kuma dawo da ciwonta.

Waɗannan motoci ba su da kwamfutar da za ka jona wa na'ura ta faɗa maka laifi. Injin 1HZ na Toyota, mai silinda shida da lita 4.2, tun 1990 ya fito, kuma famfonsa na ƙarfe ne zalla. Haka TD42 na Nissan Patrol, haka 3L da 5L na Hilux. Na'urarka ita ce kunnenka da idonka da hancinka, sai kuma bakinka. Ka tambayi direba: yaushe abin ya fara? Da sanyi ne ko sai ta yi zafi? A ina ka sha mai na ƙarshe? Ka tsallaka ruwa? Wa ya taɓa ta kafin ni? Motar da ta dawo daga Bawku ko Tumu cikin hunturu tana baƙin hayaƙi, ƙura ce za ka fara zargi, ba nozul ba.

Injin dizal abu uku yake so: iska, mai a kan lokaci, da matsi. In ya ƙi, ɗaya daga cikinsu ne ya gaza, kuma salansa ba ta ɓoyewa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa. Buɗe filtar iska tukuna, in ta fita lafiya sannan a je ga nozul da famfo. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, ko dai zoben fistan, ko sil ɗin bawul, ko turbo ga mai turbo. Fari shi ne mai ruɗi, don kala biyu ne. Wanda ke yaji a ido yana warin gas, man da bai ƙone ba ne: hita filogi ya mutu, ko taimin ya goce, ko matsi ya ragu. Wanda ke bajewa da sauri kamar tururin tukunya, ruwan lagireto kuma yana raguwa, wannan ruwa ne ya shiga silinda. Ka tsaya bayan mota ka shaƙa kaɗan, minti ɗaya ya isa ya raba maka su.

In inji na karkarwa kana so ka san silindar da ta kwanta, bar shi a silo, ka sassauta notin bututun nozul ɗaya, ka saurara, ka ɗaure, ka wuce na gaba. Wanda ka sassauta sauti bai canza ba, nan ciwon yake. Ka rufe wurin da tsumma, kada ka kuskura ka kai yatsa, don man da ke fita daga nozul yana huda fata. Don duba matsi kuma, ka buɗe murfin baƙin mai inji na aiki. In yana huci da ƙarfi kamar zugazugin maƙera, zobe ya gaji. Amma kafin ka ce wa mutum a sauke inji, ka auna da agogon matsi ta ramin hita filogi. In ba ka da shi ka ara. Ku huɗu ko biyar ma za ku iya haɗa kuɗi ku sayi ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu ga inda na san wasunku za su yi mini gardama, zancen tamostat. Mota ta zo tana zafi, a cire tamostat a jefar, a ce ai na ƙasar sanyi ne. Ni ma haka aka koya mini, na kuwa yi, sai daga baya na gane ɓarna ce. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, sai ya ƙara shan mai, ya ci zobe. A wasu injinan ma tamostat ɗin ne ke toshe gajeriyar hanyar ruwa idan inji ya yi zafi. In babu shi, wani ruwan ya riƙa kewayawa bai bi ta lagireto ba. Ka jefa tamostat ɗin cikin tukunyar ruwa a kan wuta ka gani. Lafiyayye zai buɗe kafin ruwa ya tafasa, lambar zafinsa ma tana rubuce a jikinsa. In ya buɗe, to nemi laifin a wani wuri: lagireto da laka da ciyawa suka toshe, murfin da ba ya riƙe matsi, fanka da ta yi sanyi, fambel da ya saki, ko famfon ruwa da tsatsa ta cinye fukafukansa saboda ruwan famfo zalla da ake zubawa. Kan silindar 2L na Hilux da na 4M40 na Pajero ba sa yafe zafi, tsagewa suke yi. In ka ga kumfa na tasowa ba tsayawa a bakin lagireto inji na da sanyi, to gasket ne ko kan kansa. Idan ka zo mayar da kan, ka kai a duba ko ya lanƙwashe, ka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo. Ƙarfin damtse ba awo ba ne.

Ku kuma san abin da ke juya taimin ɗin kowane inji. 1HZ da 3L da 5L da 300Tdi na Land Rover bel ne. 4D56 bel biyu gare shi, ƙaramin kan tsinke ya shiga ƙarƙashin babban. 4M40 kaca ce, TD42 kuwa giya. Bel ɗin da ya kai kilomita 100,000, ko wanda ba a san ranar da aka sa shi ba, a canza shi tare da tenshina. In ya tsinke a guje, bawul da fistan ne za su yi karo.

Mu mutanen Akra ba mu manta 3 ga Yunin 2015 ba, daren da ruwa ya ci gari, gidan mai ya kama da wuta a Circle. Duk damina kwatar Nima na cika, motoci na shan ruwa. In an turo maka wadda ta mutu a cikin ruwa, don Allah kada ka yi kik, kada a tura ta. Ruwa ba ya matsuwa, sandar fistan ce za ta lanƙwashe. Duba filtar iska. In ta jiƙe, cire hita filogi duka, ka juya inji da hannu har ruwan ya fita, ka canza baƙin mai, ka tsiyaye filtar mai. Haka nan ku bar kanga tsumman fetur a bakin iska don tayar da dizal. Ya sha ƙona fuska, yana kuma fasa zobe.

In ka je Abossey Okai ko Kokompe sayen kayan gyara, tafi da tsohon abin a hannunka da lambar inji, ka gwada su kai da kai. Inji hom-yus, wato tsohon da aka shigo da shi daga waje, ba a sayensa da ganin fenti. Araha ba ta ado, musamman a bel da gasket da filta. Abin da ka cire kuma ka miƙa wa mai mota ya gani da idonsa.

Aikinmu a ƙofar gida yake, cikin lungun da yara ke wasa, mata na suya a gefe. Kada ku bar inji na aiki a zaure ko tsakar gida mai rufi. Kada ku shiga ƙarƙashin Land Cruiser da jak kaɗai ke riƙe da ita, ku kafa katako mai kauri. Tsohon baƙin mai ku tara a jarka. Wanda aka zuba a kwata yana gangarawa kogin Odaw ya ƙare a tafkin Korle, in ruwa ya yi yawa kuma ɗakunanmu yake fara shiga.

Ku kuma mastoci, roƙona gare ku na musamman ne. Yaron da ya shekara uku yana wanke noti da miƙa sifana bai koyi sana'a ba tukuna. In mota ta zo, ku kira shi ya tsaya kusa, ya ji tambayoyin da kuke yi wa direba, ku sa ya faɗi abin da yake zargi da dalilinsa kafin a taɓa komai. In ya yi kuskure ku gyara masa a nan take, ban da zagi.

Allah ya sa wa sana'armu albarka, ya tsare hannuwanku. A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Babanku a sana'a, wani tsohon fita a Maamobi.