A Ƙayyade Taro, Amma Kada A Bar Manomi A Bakin Ƙofa

A garin Harrogate da ke arewacin Ingila ake yin ɗaya daga cikin manyan bukukuwan nunin amfanin gona na ƙasar, watau Great Yorkshire Show. An fara shi tun 1838, kuma yakan faɗo a watan Yuli. A da kwana uku ake yi, kowa ya ga dama sai ya zo ya biya a ƙofa ya shiga. A 2019 mutum wajen 135,000 suka halarta. Annobar korona ta hana yin bikin a 2020. Da aka komo a 2021 sai aka mai da shi kwana huɗu, aka ce mutum 26,000 kaɗai za su shiga kowace rana, kuma wanda bai sayi tikiti tun kafin ranar ba kada ma ya taso. Annoba ta wuce, amma doka ta zauna. A 2022 aka ɗaga adadin zuwa 35,000 a rana, aka ci gaba da hana sayar da tikiti a ƙofa.

Ko shakka babu, ƙayyade yawan jama'a daidai ne. Filin nuni ba filin ƙwallo ba ne da kowa zai zauna a kujerarsa. Wuri ne da ake jan bijimai da dawaki a tsakiyar mata da yara, ga manyan motocin noma, ga masu abinci. Wanda ya san adadin baƙinsa tun da wuri ya san yawan ruwan da zai tanada, da makewayi, da ma'aikatan jinya, da wurin ajiye motoci. Bugu da ƙari, kuɗi ya riga ya shiga aljihu ko da sama ta ɓalle da ruwa, kuma masu wannan biki sun san zafin haka, domin a 2012 ruwa ya tilasta musu rufewa bayan kwana ɗaya tak. Mazauna Ibadan ba sa bukatar dogon bayani a kan taron da ba a san iyakarsa ba. A watan Disamba na 2024 yara 35 suka rasu a turmutsitsin wani bikin yara a birnin. Allah Ya kiyaye gaba.

To, amma ƙayyade taro daban, rufe tagar tikiti daban. A nan ne gizo ke saƙa. Ma'aikacin ofis yana iya duba kalanda ya zaɓi ranarsa wata biyu kafin biki, ya biya ta intanet yana kishingiɗe. Manomi fa? Yuli lokacin yankan ciyawa ne a Ingila. In gari ya waye da rana, gona ta kira shi. In ya waye da hadari, ya sami sararin zuwa kallo. Saniya mai naƙuda kuwa ba ta san ranar da aka buga a tikiti ba. Ashe ke nan dokar ta fi sauƙi ga ɗan kallo, ta fi tsanani ga wanda aka kafa bikin dominsa. Ga kuma tsofaffin da ba su saba da ciniki ta waya ba, alhali su ne suka yi shekaru suna kawo tumakinsu gasa.

A yi wa masu bikin adalci: sun ga wannan giɓi, sun ware wa manoma tikiti na musamman da ake saye a kasuwannin dabbobi da shagunan kayan gona, wanda ake shiga da shi kowace rana aka ga dama. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai har yanzu ciniki ne na kafin rana. Abin da ya rage shi ne a rage 'yan dubbai daga cikin adadin da aka ƙayyade na kowace rana a ajiye su a ƙofa, a sayar wa wanda ya iso da safe har su ƙare. Adadi bai ƙaru ba, lissafin ruwa da motoci bai rushe ba, kuma ɗan ƙwadagon gona da maigidansa ya sallame shi da asuba zai iya kama hanyar Harrogate.