A Raba Zambo da Batsa Kafin a Yanke wa Zanen Barkwanci Hukunci

Yau zane ba ya jiran motar jarida daga Yamai kafin ya iso Tibiri ko Dogon Dutsi. Ta salula yake shigowa, ya zagaya fadar matasa tun shayi bai nuna ba, ya ƙetare iyaka zuwa Kangiwa da Kamba kafin faɗuwar rana. A cikin abin da ke yawo akwai zanen tsiraici da aka kwaso daga mujallun barkwancin Turai na manya, akwai kuma zanen da ke yi wa mai mulki shaguɓe kan tsadar hatsi ko cin hanci. Iyaye da malamai da yawa sun haɗa su a kwando ɗaya, suna neman hukuma ta murƙushe duka. Damuwarsu tana bisa hanya, sai dai maganin da suke nema zai kashe abin da muke buƙata, ya bar wanda ke cutar da mu. Batsa ta cancanci a ƙyamace ta, zambon da ke fuskantar mai iko kuwa ya cancanci a kare shi, kuma al'adarmu ta daɗe da sanin yadda ake raba su.

Irin waɗannan mujallu suna da tushensu. A Faransa an kafa Hara-Kiri a 1960, gwamnati ta hana fitowar bugunta na mako a 1970 saboda izgilin da ta yi da rasuwar Janar de Gaulle, daga nan ma'aikatanta suka fito da Charlie Hebdo. Fluide Glacial ta biyo baya a 1975, Viz ta ɓulla a Ingila a 1979. Aƙidar wasunsu ita ce babu abin da ya fi ƙarfin izgili, ko limami ko gawa ko al'aurar mutum, kuma ta samo asali ne daga doguwar gwagwarmayar Faransawa da ikon coci. Nijar ta ga abin da ke faruwa idan wannan aƙida ta bar gidanta. Bayan harin da ya kashe mutum 12 da aka kai wa Charlie Hebdo a birnin Paris ranar 7 ga Janairun 2015, mujallar ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). A ranakun 16 da 17 ga watan, Damagaram da Yamai suka kama da wuta, mutum 10 suka rasu, 'yan sanda suka ƙirga coci 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Masu zanen suna Paris, wutar Nijar ba ta taɓa su ba. 'Yan Nijar ne suka mutu, Kiristocin Nijar da ba su zana komai ba ne suka rasa wuraren ibadarsu. Cin mutuncin Annabi zalunci ne, ƙona gidan maƙwabci saboda laifin wani na nesa shi ma zalunci ne.

Wanda ya ce ƙasar Hausa ba ta san kaifin baki ba bai san ta ba. 'Yan gambara sun yi suna da baƙar magana mai ratsin batsa a kasuwanni, 'yan kama suna kwaikwayon malamai da littattafansu, mata suna sakin baki a amada cikin taronsu na biki, yara suna kwaikwayon manya a tashe da azumi. A nan ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, Ba'are da Bafulatani suna jifan juna da maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga fada, kuma wannan wasan taubasai na Nijar ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014. Abin lura shi ne duk wannan wasa yana da shinge. An san wurinsa da lokacinsa, an san wanda ke saurare, kuma wanda aka taɓa yana nan tsaye da bakinsa, yana iya ramawa a take kowa ya yi dariya. Zanen batsa a salula ya tsallake shingen nan gaba ɗaya. Ba shi da lokaci, yana faɗa wa hannun yaro ɗan shekara 10 kamar yadda yake faɗa wa hannun magidanci, kuma idan aka ɗora fuskar wata yarinya a kan zanen tsiraici ba ta da filin ramawa, sai dai aurenta ya lalace, iyayenta su kasa fita jama'a.

To me zai hana a bar doka ta share duka? Amsar tana cikin tarihin waɗanda doka ta fi kamawa. Bayan buɗewar siyasa da Babban Taron Ƙasa na 1991 ya kawo, jaridun shaguɓe sun samu fili a Yamai. A 2002 aka yanke wa Abdoulaye Tiémogo, shugaban jaridar Le Canard Déchaîné, wata 8 a kurkuku kan ƙarar da firaminista Hama Amadou ya shigar, aka sake ɗaure shi a 2009. A Kano, a 2022, kotu ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowanne saboda barkwancin da suka yi wa gwamna Ganduje a TikTok. Nijar ta cire ɗauri daga laifukan aikin jarida a 2010, amma a watan Yunin 2024 aka maido da shi kan ɓata suna ta intanet. A duk waɗannan shari'u mutuncin manya ake karewa. Dokar da aka rubuta da faɗin baki da sunan tarbiyya, hannun mai mulki take komawa, shi kuwa abin da ya fi damunsa shi ne a yi masa dariya.

Ita kuwa wannan dariya tana da amfani ga talaka. A ƙasar da manyan da ke iya karatu ba su kai rabi ba, zane ɗaya yana isar da abin da dogon sharhi cikin Faransanci ba zai isar ba. Le Canard enchaîné ta Faransa, wadda a 1979 ta tona asirin lu'ulu'un da Bokassa na Afirka ta Tsakiya ya bai wa shugaban Faransa Giscard d'Estaing, ta girgiza fadar shugaban ƙasa ba tare da ta tuɓe kowa ba. Journal du Jeudi a Wagadugu da Gbich! a Abijan sun nuna ana iya yin wannan sana'a da salon Afirka, kuma Mustapha Bulama ya yi shekaru yana zana shugabannin Najeriya a Daily Trust ba tare da ya zubar da kunya ba.

Za a ce wa zai ja layi tsakanin zambo da cin mutunci, tunda abin da ya ba wani dariya shi ke sa wani kuka. Layin ba ɓoyayye ba ne. A duba abin da zanen ya nufa: aikin da mutum ya yi da amanar jama'a, ko jikinsa, matarsa, ƙabilarsa da addininsa. Na farko hakkin kowane ɗan ƙasa ne ya soke shi, na biyu ba na kowa ba ne. Za a kuma ce Musulunci ya hana izgili, kuma haka ne, Suratul Hujurat ta hana mutane su wulaƙanta juna. Amma addinin nan ne ya ɗaukaka faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba, kuma nuna wa jami'i hannunsa cikin aljihun manomi faɗin gaskiya ne. Masu cewa 'yanci ba ya rabuwa, ko a yarda da Charlie Hebdo ko a rasa komai, su tuna cewa ita kanta Faransa tana hukunta ɓata suna da hura wutar ƙiyayyar launin fata. Kowace al'umma tana da iyakarta, tamu ma muna da ikon shata ta.

Aikin da ke gaba ya kasu. Majalisa da kotuna su ware hukunci mai tsanani ga wanda ya haɗa hoton tsiraici da fuskar wani ko ya tura wa yara batsa, su cire ɗauri daga sukar jami'an gwamnati. Fadar Samna, sarkin Tibiri, limamai da gidajen rediyon karkara su koya wa matasa cewa mai tura batsa abokin laifin mai zana ta ne. Tun da kundin mulkin da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, jaridun Hausa su buɗe shafi ga matasan Arewa masu hannun zane, su biya su, su bar su su zana tsadar taki, shingayen karɓar na goro da ajin da babu malami. Matashin da ya samu abin dariya mai ma'ana cikin harshensa, a kan matsalar garinsu, zai rage kwaso shara daga waje, mai mulki kuma zai san ana ganin aikinsa.