RA'AYI: A FARFAƊO DA NOMAN RAMA TA HANYAR GAYYA

Ya kai manomi, da kai malamin gona, duk wanda ya bar Tina Junction ya nufi ƙauyukan da ke kewaye da Jos zai ga tabon da haƙar kuza ta bari tun farkon ƙarni na 20: kududdufai, tarin ƙasa da filayen da ruwa ke zaizayewa kowace damina. Ƙungiyoyin kare muhalli na karkara kan nemi matasa su ba da ƙarfinsu kyauta domin gyara irin waɗannan wurare. Ra'ayinmu shi ne a amsa wannan kira, kuma a sa rama cikin abin da za a shuka.

Da farko a kawar da ruɗani. Turawa kan kira rama da tabar wiwi da suna mai kama da juna, amma ba danginsu ɗaya ba. Rama 'yar'uwar kuɓewa da yakuwa ce. Noman wiwi kuwa laifi ne a Nijeriya a ƙarƙashin dokar 1966, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana kama masu yin sa. Don haka kada ka karɓi irin da ba ka san asalinsa ba. Nemi iri ta hannun malamin gona. Cibiyar IAR&T ta Ibadan ta fitar da ingantattun iri kamar Ifeken 400.

Me ya sa rama? Cikin wata uku zuwa huɗu takan wuce tsayin mutum, ganyenta ya rufe ƙasa, ya rage ƙarfin saukar ruwa, wanda ya zuba kuma ya zama taki. Ana kwaɗon ganyen, a tufka igiya da ɓawon. Buhun rama yana barin iska ta ratsa, abin da dankalin Turawa na Filato ke bukata, saɓanin buhun leda da ke sa shi gumi ya ruɓe.

Sai dai a yi hattara. A shekarun 1960 an kafa masana'antun buhu a Jos da Badagry, daga baya suka durƙushe, manoman da suka dogara gare su suka rasa mai saye. Kada ƙungiya ta sa matasa su share kadada biyar kafin ta san wanda zai sayi zaren. Wanda ya yi gayya ya ga amfanin ya lalace a gona, ba zai sake fitowa baɗi ba. A fara da ƙaramin fili, a kuma yi yarjejeniya da mai gonar da mai unguwa kan yadda za a raba abin da aka samu.

A shuka da zarar damina ta kankama, a matse tsirrai domin kara ya miƙe. A yanke lokacin da fure ya fara fitowa, a jiƙa kamar mako biyu. Kada a jiƙa a kududdufin da ake sha ko ban ruwa, domin ruwan yakan yi wari, wasu ramukan kuza kuma suna da zurfin da ke cin rai. A haƙa rami na musamman. Haka nan kada rama ta bi bayan tumatir ko kuɓewa a fili ɗaya, saboda tsutsar da ke kumbura saiwa.

Malamin gona, kai ne jagora. Ka halarci ranar gayya, ka nuna da hannunka, ka rubuta abin da filin ya bayar domin ƙauyen da ke maƙwabtaka ya koya.