Kafin Ki Saya Wa Yaro Jirgin Nan Mai Kyamara

 

Yau ba maganar zazzaɓi ko allurar rigakafi na zo da ita ba. Kwanakin baya ina fitowa daga aikin dare sai ga kiran Yayata daga Ajingi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ke, yaron nan ya hana ni sakat." Ɗanta na fari take nufi, kun san ba za ta kama sunansa ba. Shekararsa 14. Sun je biki Gaya, ya ga mai ɗaukar hoto ya tayar da ɗan jirgin nan marar matuƙi yana shawagi a kan 'yan rakiyar amarya. Tun daga ranar ba abin da yake kallo a wayarta sai bidiyon masu tuƙa irinsa. Ga shi ta riga ta yi masa alkawarin tukwici idan ya ci jarrabawa, ya kuma ci, ɗaukar adashinta ta matso.

Kuɗin adashi ba abin wasa ba ne, don haka na ce ta dakata in bincika. Ga abin da na samo.

Abu na farko, jiragen nan iri uku ne, kuma a nan ake yawan tafka asara. Akwai na wasa, wanda ake haɗawa da waya ta Wi-Fi. Yana da araha, amma hotonsa yana makara kafin ya iso allon waya: yaro zai ga bango a lokacin da jirgin ya riga ya daki bangon. Araha ba ta ado. Akwai na masu ɗaukar biki, irin su DJI Mini, wanda ke tsayawa cak a sama da taimakon tauraron ɗan'adam. Wannan kayan sana'a ne, kuɗinsa ma na sana'a ne. Sai na uku, wanda ake kira FPV, shi ne yaran suke kallo a bidiyo. Matuƙi yana sa wani tabarau da ke rufe ido ruf, yana ganin duk abin da kyamarar jirgin ke gani, kamar shi ne a ciki.

Idan na ukun ne ɗanki yake so, kada a sayi kayan ɗai-ɗai. A nemi wanda ya zo a kwali guda: jirgi, rimot, tabarau, batir da caja, duk an riga an daidaita su da juna. Kamfanoni irin su BetaFPV da EMAX suna yin irin wannan don masu koyo, misali Cetus da Tinyhawk. Jirgin bai wuce tafin hannu ba, nauyinsa bai kai gram 100 ba.

Kafin ki biya, ki tabbatar da abu huɗu. Na ɗaya, kowace farfela tana cikin zoben roba da ya kewaye ta. Na biyu, akwai matakin masu koyo, wanda jirgin ke daidaita kansa idan an saki rimot. Na uku, ana samun ƙarin batir da farfela, domin batir ɗaya minti 3 zuwa 5 kawai yake yi a sama, farfela kuwa dole ta karye. Na huɗu, rimot ɗin yana haɗuwa da kwamfuta ko waya, don yaro ya fara koyon tuƙi a manhaja. Faɗuwa ɗari a manhaja ba ta cin ko kwabo.

Ki sani kuma, ɗan ƙaramin jirgin nan ba ya jure iska. A fili irin namu, iskar hunturu ko ta gabanin hadari za ta iya kwashe shi ta jefa gonar wani, ƙura kuma tana shiga injinsa. Da sassafe ko da yamma lis, lokacin da iska ta kwanta, shi ne lokacinsa.

Yanzu bari in sa farar rigata. Na taɓa wanke wa wani yaro rauni a gira, farfelar irin jirgin wasan nan ce ta yanke shi. Tsakaninta da ƙwayar ido bai kai faɗin yatsa ba. Kuma ba shi ne mai tuƙin ba, ƙanen mai tuƙin ne da ya rugo kallo. Wanda ya sa tabarau ba ya ganin abin da ke gefensa, don haka dole wani babba ya tsaya kusa da shi yana lura da jirgin da ƙananan yara. Ba banza ba kamfanonin suke rubuta shekara 14 zuwa sama a jikin kwali. Idan an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Idan ido ne, kada a murza, kada a ɗiga komai, a tafi asibiti nan take. Wasu yaran tabarau yana sa musu jiri da tashin zuciya. A fara a zaune, idan kai ya fara juyawa a cire a huta.

Batir ɗin ya fi farfela ba ni tsoro. Irin wanda ke kama wuta ne idan ya huje, ya kumbura ko ya yi zafi da yawa. Mu da muke ganin zafin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu, kada a bar shi a rana ko a ɗakin kwano da aka rufe. Kada a jona shi a kan katifa a tafi barci, kamar yadda muke yi da waya idan an kawo wuta cikin dare. A yi caji a kan siminti, da mutum a wurin. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada a yi masa tsumulmula. Idan tsautsayi ya sa an ƙone, a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja.

To, duk wannan mai sauƙi ne. Ga abin da ya hana ni barci. Gidajenmu a Gaya da Ajingi, tsakar gida a buɗe take. A nan mace ke cire mayafi, ta yi daka, ta yi kitso, ta shayar da jariri. Banɗakin gidaje da yawa ba shi da rufi. Katanga da zaure su ne sutura, shi ya sa ko mai gyaran rufi zai hau sama sai an sanar da maƙwabta. Jirgin nan ido ne da ba ya sallama. Yaro ba da mugun nufi ba zai iya ɗaga shi sama da katanga, ya ɗauki abin da bai kamata ba, abokinsa ya tura wa wani a WhatsApp. Zumuncin shekara 30 zai iya rushewa a minti 3, har magana ta kai gaban mai unguwa. Ki tambayi kanki: da ɗan maƙwabciya ne ya ɗaga shi a kan tsakar gidanki fa?

Hukuma ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Tun shekarar 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tayar da jirage marasa matuƙa ba tare da izini ba, kuma shigo da su daga waje yana buƙatar takarda daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wadda za ta yi oda ta intanet ta san da wannan, domin kwastam na iya riƙe kayan. A halin tsaron da ake ciki, kada yaro ya kusanci ofishin 'yan sanda, fadar sarki, kasuwa ko taron jama'a da shi, komai ƙanƙantarsa.

Shin ina nufin a hana yara? A'a. A Ruwanda, tun 2016 kamfanin Zipline ke kai jini asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa, kuma a 2022 ya fara kai magunguna a jihar Kaduna. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa tsayawa a kan mai haihuwa tana zubar da jini, ana jiran a kawo leda ɗaya daga gari mai nisa, ta san darajar wannan. Wasu ne ke lura da jiragen nan, wasu ke gyara su. Me zai hana ya zama ɗanki? Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan kusa da mu a Wudil. Kuma tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama har Kano ta kafu, ashe son ƙere-ƙere gado ne a ƙasar nan.

Ga yadda muka ƙare da Yaya. Mun zaunar da yaron gaban babansa. Wata guda zai yi yana koyo a manhaja a kwamfutar kawunsa kafin a sayi komai. Idan an saya, a filin ƙwallo na bayan gari kawai zai tashe shi, da babba a kusa. Batir a hannun uwarsa zai riƙa kwana. Ranar da jirgin ya haura katangar wani kuwa, ranar zai koma kwalinsa. Ya ɓata rai, ya ce, "Anti, wata guda fa?" Na ce masa sannu ba ta hana zuwa.

Uwargida, idan naki ya zo da irin wannan roƙo, ki fara da sharaɗi kafin ki fara da ciniki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana su, Ya kare su. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.